Ganyen Kratom da Ciwon Damuwa: Tambayoyi da Amsoshi

Sunan kratom ya fara yawo a shafukan masu tallar maganin ganye a intanet. Ana cewa yana wanke zuciya daga ƙunci, yana kwantar da fargaba, kuma mai shan sa ba ya buƙatar ganin likita. Wanda damuwa ta hana barci ba ya raina irin wannan alkawari. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Mene ne kratom, kuma daga ina yake?

Bishiya ce ta kudu maso gabashin Asiya. Tana fitowa a Tailan da Malesiya da Indunusiya da Miyanma, musamman a ƙasa mai dausayi kusa da koguna. Masana tsirrai suna kiranta Mitragyna speciosa, kuma dangin bishiyar kofi ce. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Holan mai suna Pieter Korthals ne ya fara bayyana ta a rubuce ga masana a 1839. Kratom sunanta ne a Tailan, a Malesiya kuwa ketum ake cewa.

Mutanen can sun daɗe da ita. Manomi ko masunci ko mai tsaga itacen roba yakan tsinko ɗanyen ganye, ya zare jijiyar tsakiya, ya tauna, ya kora da ruwa, don ya jure aiki cikin zafin rana. Kusan yadda ɗan dako ke jefa ɓarin goro a baki. Wasu kan tafasa ganyen su sha don ciwon jiki ko tari ko gudawa, wasu kuma don rage wahalar barin ofiyam, wato wani ƙaro mai sa maye da kama mutum da ake tatsa daga ƙwallon wani fure. Abin da ake sayarwa a intanet yau busasshen ganye ne da aka niƙa ya zama gari kore mai tsananin ɗaci, ko a ɗura shi a kafso, ko a tace shi ya zama ruwa mai ƙarfi a 'yar kwalba. Yawancinsa daga tsibirin Borniyo na Indunusiya yake fitowa, yankin kogin Kapuas, kuma babbar kasuwarsa Amurka.

An ce giyayya ce ta ƙasarmu. Gaskiya ne?

A'a. 'Yan uwa ne dai. Giyayyar da ke fitowa a fadama sunanta Mitragyna inermis, gida ɗaya suka fito amma kowace da sinadaranta. Kama da wane ba ta wane. Duk abin da za a faɗa a nan kan kratom ne, kada a ɗora shi kan giyayya, kada kuma a ɗauki amfanin da masu magani ke yi da giyayya a jingina wa kratom.

Me ke cikin ganyen da yake sa mutum ya ji wani abu?

Akwai sinadarai fiye da 40 a cikinsa, amma biyu ne ke jan ragama. Na farko mitirajinin, shi ne mafi yawa. Na biyu ƙaninsa ne da ake taƙaita sunansa da 7-OH. Kaɗan ne a cikin ganye, sai dai ya fi yayan nasa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma hanta da kanta tana juya wani kaso na mitirajinin zuwa 7-OH bayan an sha.

A ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabe masu kama da kwaɗo, kowanne da irin mabuɗin da ke buɗe shi. Kwaɗon da mofin (maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi da ake yi da ofiyam) da kodin da tramol ke buɗewa, shi waɗannan sinadarai biyu ke buɗewa, ko da yake ba sa wangale shi gaba ɗaya kamar mofin. Mitirajinin yana kuma taɓa wasu guraben da suka shafi kuzari da yanayin zuciya. Shi ya sa ɗan kaɗan ke sa karsashi da yawan surutu, mai yawa kuma ya kawo kasala da barci da gushewar zafin ciwo. A watan Fabrairun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ƙarara ta ce sinadaran kratom dangin ofiyam ne. Wasu masana sun ce hukumar ta yi gaggawa, tunda kratom ba ya danne numfashi kamar yadda mofin ke yi a gwajin dabbobi. Amma babu wanda ya musa cewa ƙofa ɗaya suke bi.

To, da gaske yana maganin ciwon damuwa da fargaba?

A nan gizo ke saƙar. Masu sha da yawa suna cewa yana taimaka musu, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba. A wani bincike da masana na Jami'ar Johns Hopkins suka fitar a 2020, an tambayi masu shan kratom kusan 2,800. Kusan biyu cikin kowane uku sun ce don fargaba ko damuwa suke sha, kuma akasarinsu sun yaba da shi.

Sai dai a duba su wa aka tambaya. Ta intanet aka nemo su, har da taimakon wata ƙungiya mai fafutukar kare kratom. Wanda ya sha ya ga ba daɗi ya watsar, ko wanda ya kwanta asibiti, ba ya cikin layin masu cike takarda. Kamar ka shiga rumfar mai shayi da asuba ka tambayi waɗanda ke kan benci ko shayi na da daɗi ne.

Akwai kuma gwajin ɓeraye. Ana saka ɓera a cikin tulun gilashi mai ruwa wanda ba zai iya fita ba, a ƙirga tsawon lokacin da yake fafutuka kafin ya saki jiki ya yi lamo. Ɓeran da aka ba mitirajinin ya fi daɗewa yana fafutuka, kamar yadda ake gani da magungunan damuwa na asibiti. Wannan alama ce da ke sa masana su ci gaba da bincike. Amma ɓera a tulu daban, uwar 'ya'ya biyar da ta yi wata uku ba ta jin daɗin komai daban.

Abin da ake buƙata kafin a kira abu magani shi ne a tara marasa lafiya da likita ya tabbatar da ciwonsu, a raba su gida biyu, a ba wasu maganin, a ba wasu abin da ya yi kama da shi amma babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san wanne ya samu ba, a bi su na tsawon watanni. Kratom bai bi ta wannan siraɗi ba a kan damuwa ko fargaba. FDA ba ta amince da shi a matsayin maganin kowace cuta ba.

Idan dai mutum ya ji sauƙi, ina laifi?

Tramol ma yana sa a ji sauƙi. Duk wanda ya zauna a unguwa ya ga yadda ake farawa: ƙwaya ɗaya don ƙarfin aiki, ko don a manta da wani baƙin ciki. Sauƙin na gaske ne, amma aro ne, kuma mai bashin yana zuwa.

Ga yadda abin ke tafiya da kratom. Makon farko mutum ya dama cokali ɗaya da safe, nauyin ƙirji ya sauka, ya iya fita ya yi hira da mutane. Bayan 'yan sa'o'i aikin ganyen ya ƙare. Wata guda, cokali ɗaya ba ya kai shi azahar. Ya ƙara na la'asar, daga baya na dare don ya samu barci. Wata rana garin ya ƙare, sabon saƙo bai iso ba. Kafin kwana ɗaya ko biyu hanci ya fara zuba, hamma ba ƙaƙƙautawa, gaɓoɓi na ciwo, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya a kan katifa, ga gudawa, ga gumi, ga saurin fushi. Abin da ya fi muni, fargaba da ƙuncin da ya gudu dominsu sun dawo sun ninka. Sai ya ce, "Ka gani, ashe ciwona ne ke tashi idan ban sha ba." Alhali rashin ganyen ne ke dukansa. Daga nan ba don ya ji daɗi yake sha ba, don kada ya ji wahala ne.

Ko a ƙasar da aka gaji ganyen haka abin yake. Wani bincike da masana na Jami'ar Kimiyya ta Malesiya suka buga a 2014 ya duba mutum 293 da ke shan ketum a kai a kai a arewacin ƙasar. Fiye da rabinsu ganyen ya kama su kamu mai tsanani. Kuma mai ciwon damuwa ya fi lafiyayye saurin faɗawa, domin shi yana da dalilin sha kullum.

Ai ganye ne, Allah ne ya tsiro da shi, ba sinadarin Bature ba ne.

Zaƙami ma Allah ne ya tsiro da shi. Ofiyam ɗin da ake yin mofin da hiroyin da shi, daga ƙwallon wani fure ake tatso shi. Taba ganye ce.

Ban da haka, abin da ke cikin leda ba shi ne ɗanyen ganyen da manomin Tailan ke taunawa ba. An shanya shi, an niƙa, ya bi hannaye da yawa, kuma babu mai tabbatar maka da ƙarfinsa. Leda biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta sosai. Yanzu ma har akwai ƙwayoyi da alewa da ake cusa wa 7-OH zalla, wanda aka sarrafa a ɗakin haɗa sinadarai, a sayar da sunan kratom. A watan Yulin 2025 FDA ta ba da shawarar a saka irin wannan 7-OH cikin jerin ƙwayoyin da doka ta tsaurara a kansu.

Waɗanne illoli aka sani?

Na yau da kullum su ne tashin zuciya, amai, bushewar baki, taurin bayan gida, jiri, ƙaiƙayi, gumi da rashin cin abinci. Masu daɗewa suna sha sukan rame, wasu fatar kumatunsu ta yi duhu.

Masu nauyin su ne jijjiga irin ta farfaɗiya, bugun zuciya da sauri, hawan jini, ruɗewa da gane-gane. Sai hanta. Akwai waɗanda bayan 'yan makonni da farawa idonsu ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, wato shawara. Yawanci hantar tana murmurewa idan an daina, amma wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba jiƙo zai nema ba. Mai ciwon hanta tun asali kuwa, kada ma ya kusanci abin.

Akwai kuma ƙazanta. A 2018 garin kratom da ya gurɓata da ƙwayar cutar salmonela ya sa mutum 199 rashin lafiya a jihohi 41 na Amurka. A 2019 FDA ta gwada kayan kratom iri 30 ta samu dalma da ƙarfen nikel a ciki fiye da kima. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani.

Yana kisa?

Yana iya yi, amma galibi da abokin tafiya. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta duba mutuwar mutum fiye da 27,000 da ƙwaya ta kashe tsakanin Yulin 2016 da Disambar 2017. An samu kratom a jikin 152, an lissafa shi cikin sanadin mutuwar 91, kuma mutum 7 ne kawai aka samu kratom shi kaɗai a jikinsu. Sauran akwai miyagun ƙwayoyi dangin ofiyam irin su fentanil ko hiroyin, ko ƙwayoyin barci ko giya.

Masu kare kratom suna ɗaga wannan lissafi su ce kun gani, ba shi da haɗari. Ni abin da na gani a ciki daban ne: haɗa shi da wani abu shi ne ajali, kuma mai fama da fargaba shi ne ya fi kowa yiwuwar samun ƙwayar barci a ƙarƙashin matashi. Wani lokaci ma mai sha bai san an haɗa masa ba. A Suwidin, wajen 2010, mutum 9 sun mutu bayan shan wani garin kratom mai suna Krypton, wanda aka gano an zuba masa wani sinadari na tramol don ya ƙara ƙarfi. A kudancin Tailan kuma matasa na dafa ganyen su gauraya da maganin tari da lemon kwalba da ƙanƙara, suna kiran haɗin 4x100. Wanda ya san dalilin da ya sa Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ya san ƙarshen wannan hanya.

Ina shan maganin damuwa na asibiti. Zan iya haɗawa?

Kada ka haɗa. Hanta na da ma'aikatan da ke narkar da magani su fitar da shi daga jiki, kuma mitirajinin yana riƙe hannun wasu daga cikinsu. Su ne kuwa ke aikin narkar da magungunan damuwa irin su amitiriftilin da wasu magungunan taɓin hankali. Sai maganin ya taru a jini, ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyu ko uku. Haɗa shi da tramol yana ƙara haɗarin jijjiga, haɗa shi da ƙwayar barci irin diyazefam ko giya yana iya danne numfashi.

Haka nan kada ka yar da maganin asibiti dare ɗaya don ka koma ganye. Idan maganin yana ba ka matsala, kasala ce ko ƙiba ko raunin sha'awa, gaya wa likitanka. Ba iri ɗaya ne kaɗai ba, ana canzawa.

Na ga ana rubuta ja, kore, fari, wai kowanne da aikinsa.

'Yan kasuwa na cewa ja na barci ne da fargaba, fari na kuzari, kore tsaka-tsaki. Bishiyar ɗaya ce. Bambancin launin gari yawanci daga yadda aka shanya ganyen ne ko aka bar shi ya ruɓa kaɗan, kuma sinadaran da ke kama mutum suna cikin kowanne.

Mai ciki ko mai shayarwa fa?

A'a, ko kaɗan. An samu jariran da aka haifa suna karkarwa, suna tsala kuka, sun ƙi kama nono, saboda jikinsu ya saba da kratom tun a ciki, har sai da aka yi musu magani irin na jariran masu shan hiroyin. Matar da damuwa ta kama bayan haihuwa tana da magungunan da likitoci suka san ana iya sha ana shayarwa.

Doka ta yarda da shi?

Ya danganta da inda kake, kuma dokar na yawan sauyawa. Tailan ta haramta shi a 1943, abin da masana da dama ke dangantawa da kare harajin da gwamnati ke samu daga ofiyam a lokacin. Ta cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi a Agustan 2021. A Malesiya, inda ɗalibanmu da yawa ke karatu, har yanzu yana ƙarƙashin dokar guba ta ƙasar, kuma ana kama mutane a kansa duk da cewa bishiyar na tsirowa a bayan gida. Ostireliya ta hana shi. Birtaniya ta hana sayar da shi da shigo da shi tun dokar 2016. A Amurka hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sanar a Agustan 2016 cewa za ta haramta shi, jama'a suka yi ca, ta janye a watan Oktoba, amma jihohi irin su Alabama da Indiyana da Wiskonsin sun hana shi da kansu. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba shi a 2021, ya ce a ci gaba da sa masa ido.

Matafiyi ya kiyaye: kada ka ɗauki garin ganyen da ba ka san hukuncinsa ba ka bi da shi ta filin jirgi, kada kuma ka karɓi saƙonsa ka kai wa wani.

A addinance fa?

Fatawa ta malamai ce. Abin da ya kamata mai tambaya ya kai musu shi ne cikakken bayani: cewa mai yawansa yana gusar da natsuwa, yana kama mutum, kuma ba a tabbatar da shi a matsayin magani ba. Idan ka ce wa malam "ganyen shayi ne kawai," amsar da ka samu ba ta wannan ganyen ba ce.

Na riga na saba da shi. Yaya zan daina?

Idan kana sha kullum, kada ka yanke shi kwatsam kai kaɗai a ɗaki, balle idan damuwarka mai tsanani ce. Ciwon jikin yakan yi sauƙi cikin mako guda ko makamancin haka, amma rashin barci da ƙunci suna iya jan makonni, kuma a nan ne mutane ke komawa. Je wurin likita, ka faɗa masa gaskiyar yawan abin da kake sha da sau nawa a rana, ka tafi da ledar ya gani. Idan bai san sunan ba, ce masa yana aiki irin na tramol, zai gane inda aka dosa. Akan rage a hankali, a ba da maganin gudawa da ciwon jiki da barci, wani lokaci a yi amfani da wani magani mai suna bufurenofin kamar yadda ake yi wa masu barin hiroyin. A lokaci guda a fara maganin asalin damuwar, don in ba haka ba an toshe rami ne an bar ɓeran a ɗaka.

Idan kuma ka tarar da wani ya sha ya ƙi farkawa, numfashinsa na fita da ƙyar, leɓɓansa sun canza launi, a kwantar da shi a gefe ɗaya a garzaya asibiti. Kada a ɗura masa madara ko manja. Akwai allurar naloksan da ke karya aikin dangin ofiyam.

Idan ba kratom ba, me zan yi da wannan damuwar?

Na farko a tabbatar da ciwon. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo da ciwon suga duk suna iya zuwa da kasala ko faɗuwar gaba, kuma gwajin jini ne ke rarrabewa. Idan an tabbatar damuwa ce ko fargaba, akwai hanyoyi biyu da aka gwada a kan dubban mutane: zama da ƙwararren mai ba da shawara wanda ke koya wa mutum yadda zai kama tunaninsa kafin ya tafi da shi, da kuma magunguna irin su fuloksetin da satralin. Waɗannan ba sa aiki ranar farko. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma wannan jiran ne ke sa mutane guduwa wurin abin da ke aiki cikin rabin sa'a. Tafiyar ƙafa kullum, barci a kan lokaci, rage shayi mai ƙarfi da goro da yamma, da samun mutum ɗaya da za ka iya gaya wa abin da ke ranka, duk suna taimakawa tare da magani.

A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen da ke duba irin wannan ciwo. Zuwa can ba ya nufin hauka. Yawancin waɗanda ke layin ganin likita da ƙafarsu suka zo, da ƙafarsu za su koma gida ko kasuwa.

Wanda kuma tunanin kashe kansa ya fara zuwar masa, kada ya jira ranar asibiti. Ya gaya wa wani na kusa yau, a kawar da ƙwayoyi da maganin ƙwari daga ɗakin, a raka shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.